Ina koyar da 'yata a gida, amma kullum da kuka muke tashi

Wata uwa ce ta rubuto daga Kano. Na ɗan taƙaita wasiƙar.

"Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma tana da ciwon sikila. Bana ciwon ya kama mata ƙugu, likita ya ce ta huta da zirga-zirga na aƙalla wata shida, don haka zuwa makaranta ya tsaya. Don kar a bar ta a baya na ɗauki nauyin koyar da ita a gida. Kullum ina kwafo mata tambayoyin lissafi talatin ko arba'in daga littafinsu, in sa ta haddace jihohi da manyan biranensu da sunayen koguna, sannan ta kwafe darasin kimiyya shafi biyu. Wata biyu ke nan muna haka, amma in na tambaye ta abin jiya ba ta tunawa. Ni kuma rabona da lissafi tun ina sakandare, wani lokacin ban ma san ko amsarta daidai ba ce. Shekaranjiya na kama ta tana kwafar amsa daga wayata, na yi mata faɗa, ta yi ta kuka, ni ma na shiga ɗaki na yi nawa. Babanta ya ce in ƙyale ta kawai ta maimaita aji. Wane irin aiki ya kamata in riƙa ba ta, kuma nawa?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Jinyar mai sikila kaɗai aiki ce da ke cinye dare da rana, ga shi kin ƙara da zama malama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga sakaci a cikinta ba. Abin da na gani shi ne aikin ya yi wa yarinyar yawa, kuma yawancinsa irin aikin da hannu ke yi ne alhali kai yana wani wuri.

Ki rage. Tambaya arba'in a rana ba ta koyar da lissafi. Idan ta gane hanyar, tambaya ta shida ta riga ta tabbatar miki, sauran talatin da huɗun wahala ce kawai. Idan kuma ba ta gane ba, kin sa ta maimaita kuskure ɗaya sau arba'in har ya zauna mata daram. Na ga wannan a aji shekara da shekaru: yaro ya cika shafi uku da aiki mai tsafta, kowane layi da kuskure iri ɗaya, sai an ɗauki makonni ana kankare abin da ya haddace a yini guda. Tambaya takwas sun isa a rana. Biyar daga darasin yau, biyu daga na makon jiya, ɗaya daga na watan jiya. Waɗannan ukun na baya su ne maganin mantuwar da kike kuka da ita, domin abin da aka koya aka bar shi yana gushewa, wanda kuwa ake waiwaya bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata, shi ke zama.

Kuma ki tuna da jikinta. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna kai kwana 120 kafin su mutu, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ne. Shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake, shi ya sa take saurin gajiya, kuma gajiyar tana shafar natsuwa da riƙe karatu. Idan kin ga ta kwantar da kai a kan littafi bayan rabin awa, jikinta ne ya ce ya isa. Ki raba karatun zama uku, kowane minti ashirin da biyar zuwa talatin, da hutu tsakani, da ruwan sha a gefenta. Ki zaɓi lokacin da ta fi kuzari, wanda galibi hantsi ne bayan ta karya, a lokacin hunturu kuma ki jira rana ta ɗaga saboda sanyi na tayar da ciwon. Lissafi kullum, labarin ƙasa da kimiyya sau biyu-biyu a mako. Ranar da ciwo ya motsa babu karatu, kuma ba bashi ba ne da za a biya gobe.

Kafin mu shiga aikin kansa, akwai abin da nake so ki yi cikin makon nan. Ki je makarantarsu da takardar likita, ki ga shugabar makaranta da malamin ajinsu, ki tabbatar sunanta na nan a rajista. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ɗora wa iyaye wajibin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, kuma jarrabawar BECE da ake yi a ƙarshen aji uku ta hannun makaranta ake rajistarta, makin da ake tarawa a aji ma yana shiga sakamakon. Yarinyar da aka cire sunanta za ta sha wuya a nan, komai ƙoƙarin da aka yi a gida. Ki roƙi su ba ki tsarin darussan zangon, mako-mako, na darussan nan uku. Gwamnatin tarayya ta sanar da gyaran manhaja a 2025, don haka kada ki dogara da tsohon littafin yayyenta ba tare da kin tambaya ba. Ki kuma nemi a bar ta ta riƙa yin gwajin aji a gida ana kai wa malami ya duba. Malamai da yawa za su yarda idan aka zo musu da mutunci, kuma alheri ɗan kaɗan ga wanda ke duba mata aiki a lokacin hutunsa bai zama laifi ba.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ya fi damunki. Kwana uku na farko kada ki koyar da komai. Ki bincika inda ƙafarta ta tsaya. Yaran da ke fama da lissafin aji biyu, mafi yawansu ramin yana can baya, a firamare huɗu ko biyar, mai sikila kuwa da ta sha kwanciya asibiti tabbas akwai makonnin da suka wuce ta. Ki tambaye ta bakwai sau takwas, ki ga ko za ta ce 56 nan take ko sai ta ƙirga da yatsu. Ki ba ta 504 ta raba gida bakwai. Sannan ki ba ta wannan: rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Idan ta rubuta 2/5, kin samo ramin, kuma ki yi hamdala, domin wanda ya san inda rami yake ya kusa cike shi.

Kada ki ce mata ba daidai ba ne. Ki ɗauko gurasa ko ki yanka takarda zagayayya, ki sa ta raba gida shida daidai. Rabi yanka nawa ne? Uku. Sulusi fa? Biyu. An haɗa, biyar cikin shida. Sai ki tambaye ta: biyu cikin biyar ya kai rabi? Bai kai ba. To ta yaya mutum zai riƙe rabin gurasa, a ƙara masa, sannan abin hannunsa ya ragu? Ranar da ta ga haka da idonta ba za ta sake tara na ƙasa da na ƙasa ba. Kuma sunayen nan ba baƙi ba ne a wurinta, ta ji su a islamiyya: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Manomin da ya samu buhu 30 na gero da ruwan sama zai fitar da ushiri, buhu nawa ke nan? Uku. In da ban-ruwa ya yi da injin, rabin ushiri ne, buhu ɗaya da rabi. Zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, ki sa ta mayar da ita kashi cikin ɗari, za ta samu biyu da rabi. Duk wannan manhajarsu ce, sai dai ta shigo ta ƙofar da ta sani.

Riba da faɗuwa ma haka. A ce mai shago ya sayi buhun shinkafa naira 60,000, ya auna ya samu kwano 40, yana sayar da kowane kwano 1,800. Nawa ya tara? 72,000. Ribarsa 12,000, wato kashi 20 cikin ɗari na uwar kuɗi. Ki ba ta littafin cefanen gida ta riƙa rubutawa, ƙarshen mako ta faɗa miki kashi nawa cikin ɗari ya tafi a mai, nawa a kayan miya. Wannan aiki guda ya fi shafi biyar na tambayoyin da aka kwafo, kuma yarinyar da kullum ita ake yi wa hidima za ta ji yau ita ma ta yi wa gida wani abu. Kada ki raina wannan.

Lissafin da ake sa harafi a madadin lamba, wanda ke tsorata yara, labari ne kawai da aka gajarce. Na sayi littattafai uku, na ba da 1,000, aka ba ni canjin 100, nawa ne kowane littafi? Za ta ce 300 kafin ki rufe baki. Sai ki nuna mata cewa abin da ta yi a kanta shi ne 3x + 100 = 1000. Ki sa ta riƙa ƙirƙiro labari ga kowace tambaya irin wannan kafin ta warware ta. Sunan fannin ma, aljabara, daga kalmar Larabci ya fito, ta cikin aikin al-Khwarizmi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Kuma ki gaya mata akwai malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, da ya yi rubutu kan jera lambobi a gidajen murabba'i, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ki zana mata gida tara, uku-uku, ki ce ta sa lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Irin wannan za ta iya yinsa a kwance ranar da jiki ba ya so.

Na awo kuwa, ki ari tef ɗin tela. Ki ba ta zare ta zagaye murfin tukunya, ta auna zaren, sannan ta auna faɗin murfin ta tsakiya, ta raba na farko da na biyu. Ta yi wa faifai, ta yi wa bakin kofi, ta yi wa tire. Kowane zai ba ta uku da ɗan ɗoriya. Sai bayan ta gaji da mamaki ki faɗa mata wannan ita ce 22/7 da ke cikin littafinsu, kuma murfin da faɗinsa santimita 21 ne zagayensa 66 ne. Ɗaki mai tsawon mita huɗu da faɗin mita uku, tayil nawa mai rabin mita kowane gefe zai ci? 48. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta kuma mita biyar ne cif, da wannan uku, huɗu, biyar ɗin magina ke daidaita kusurwar gini tun kafin a zuba harsashi. Wani ya riƙe mata tef ɗin tana zaune tana rubutawa, kar a karya umarnin likita saboda darasi.

Kin ce wani lokacin ba ki san ko amsarta daidai ba ce. Wannan bai hana ki koyar da ita ba. Lissafi yana da hanyar duba kansa: in ta raba, ta ninka ta ga ko za ta koma inda ta fito, in ta samu x, ta mayar da shi cikin tambayar ta ga ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Ki mayar da wannan ƙa'ida, ba a gama tambaya sai an duba ta. Sannan kullum ki zaɓi tambaya ɗaya ki ce, "Koya mini yadda kika yi, ni na manta." Gaskiya kika faɗa, kuma inda ta yi tuntuɓe a bayani nan ne ba ta gane ba, ko da amsar ta fito daidai. Ki ware ƙaramin littafi na kurakurai, duk tambayar da ta faɗi a rubuta ta a ciki da gyaranta, daga nan za ki riƙa ɗebo tambayoyin waiwaye. Abin da ya gagare ku ku biyun ku tara shi zuwa ƙarshen mako. Awa ɗaya a mako da ɗalibar kwalejin ilimi ko wata malama a unguwa ta isa ta warware su, kuma kuɗinsa bai kai na mai zuwa kullum ba.

Ki yi mata bayani da Hausa ba tare da jin kunya ba. Sai ta gane, sannan ki nuna mata kalmar Turancin da ke littafi, ta rubuta a bayan littafinta, Turanci a hagu, ma'ana da Hausa a dama. Jarrabawa da Turanci za ta zo, don haka tambayoyin ƙarshe na kowane darasi ta karanta su daga littafin makaranta yadda suke. Yara da yawa da ake cewa ba su iya lissafi ba, tambayar ce ba su fahimta ba.

Labarin ƙasa a ƙaramar sakandare ba darasi ne mai zaman kansa ba, yana cikin darasin zamantakewa da na kimiyya, sai a babbar sakandare yake fita daban. Don haka kina da sarari, ba sai kin matsa ba. Jihohi 36 da Abuja za ta haddace su, amma da taswira a gabanta, tana ɗora yatsa. Ki sayi taswirar Najeriya da ta Afirka ki manna a bango daidai inda take kwanciya. Aikin farko ma kafin wannan, ta zana taswirar ɗakinta, santimita ɗaya a madadin rabin mita, sannan ta gidan gaba ɗaya, sannan hanyar gida zuwa makaranta daga ƙwaƙwalwarta, da alamar arewa a sama. Gabas ta san ta, kuma ta san alƙibla daga Kano gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Ki sa ta nemo Kano da Makka a taswira ta gano dalili.

Koguna kuma ki daina ba ta su a jere kamar sunayen 'yan aji. Ki yi mata tambaya guda: ruwan saman da ya zuba a Kano, ina yake ƙarewa? Ta bi shi da fensir. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, yana haɗuwa da Challawa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Ruwan Kano bai san teku ba. Na Kaduna kuwa yana bin kogin Kaduna ya faɗa kogin Neja, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya gangara Tekun Atlantika. Abin sha'awa, kogin Kaduna da na Jama'are duk daga tsaunukan Jos suka taso, ɗaya ya nufi yamma ɗaya ya nufi arewa maso gabas. Yarinyar da ta bi wannan da hannunta ta koyi koguna takwas da jihohin da suka ratsa, ta kuma gane cewa ruwa gangara yake bi, abin da jerin sunaye ba zai taɓa gaya mata ba.

Akwai wanda na fi so a duk darasin nan. Ki tambaye ta me ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa da azumi kafin na Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa, digiri ɗaya a minti huɗu. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5. Tazarar digiri takwas, sau huɗu, minti 32. Ki ba ta jadawalin lokutan salla na garuruwan biyu ta duba da kanta, za ta ga kusan rabin awa ne. Sai ta gwada da Makka, wadda ke wajen digiri 40, Kano kuma takwas da rabi: kimanin awa biyu, daidai da abin da alhazai ke faɗa in sun bugo waya. A zama ɗaya ta yi lissafi, ta yi labarin ƙasa, ta yi kimiyya.

Sannan ki kafa mata sanda a tsakar gida inda take hangowa daga kujerarta. Sau ɗaya a mako, lokacin da inuwa ta fi gajarta da tsakar rana, a auna tsawonta a rubuta, da gefen da ta faɗi. Kano tana wajen digiri 12 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, don haka wajen mako na uku na Afrilu da na Agusta rana kan tsaya a tsakar ka, inuwar ta kusa ɓacewa. Tsakanin waɗannan biyun inuwar kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa, ta fi tsawo a Disamba. In damina ta same ku, gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a fili da rula sun isa auna ruwan sama. Ta rubuta na kowace rana, ƙarshen wata ta zana jadawali. Daga nan maganar iskar kudu maso yamma da ke kawo ruwa daga teku, da ta arewa maso gabas da ke kawo ƙurar hunturu daga Sahara, za ta zo da sauƙi.

Kwafar shafi biyu na kimiyya ki bar shi daga yau. A madadinsa gwaji ɗaya a mako, da shafi ɗaya da za ta rubuta da kalmominta: me nake zato zai faru, me na yi, me na gani, me ya sa. Zaton nan a rubuta shi kafin a fara, kuma in ya saɓa da abin da ya faru kada ta goge, nan ne karatun yake. Ki fara da wake a kofi huɗu. Ɗaya a kan auduga mai danshi, ɗaya a busasshiyar auduga, ɗaya a nutse cikin ruwan da aka tafasa ya huce aka zuba mai a samansa don iska kar ta shiga, ɗaya a auduga mai danshi amma cikin kabad mai duhu. Yawancin yara za su ce na duhu ba zai tsiro ba. Zai tsiro cikin 'yan kwanaki, sai dai ya yi tsawo, ya yi fari, ya yi laushi. Da haka ta gane tsiro ruwa da iska da ɗumi yake buƙata, haske kuma sai ganye ya fito yake zama dole.

Mako na gaba zoɓo. Ki dafa shi ba sukari, ki zuba a kofuna masu haske. Ta ɗiga lemon tsami a ɗaya, ruwan tsamiya a ɗaya, jiƙaƙƙiyar kanwa a ɗaya, ruwan toka a ɗaya. Masu tsami za su ƙara masa ja, kanwa da toka kuwa za su juya shi ya yi duhu ya koma wajen kore. Abin da takardar gwaji ke yi a ɗakin kimiyya na makaranta ke nan, bambance mai tsami da kishiyarsa. Sai randa: me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana bushewa, bushewar tana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa randa ta fi sanyi da rani a kan damina. Da wannan hikima wani malami, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ku haɗa irinta, ku sa tumatir biyu a ciki biyu a waje, ta riƙa rubuta abin da ta gani kowace safiya. Ƙusa a ruwa, ƙusa a mai, ƙusa a busasshen wuri, wannan darasin tsatsa ne. Abin da ya shafi wuta ko tafasasshen ruwa ke za ki yi, kuma ban da wutar lantarki ta bango, batirin tocila ya isa duk gwajin ajinsu.

Wata rana darasi zai kai ku kan jini da gado, yadda uwa da uba masu AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba su da ciwon, ke iya haifar SS, wato mai sikila, a ɗaya cikin huɗu na kowane ciki. Kada ki yi gaggawar kai ta nan, kada kuma ki tsallake in ta tambaya. Ki amsa mata da gaskiya da taushi, ki bar ta ta tara tambayoyinta ta kai wa likitanta ranar asibiti.

Maganar waya. Yarinyar da aka ajiye wa tambaya arba'in, ba ta gane ba, jikinta na ciwo, kuma tana tsoron ɓata wa uwarta rai, hanyar fita ta nema. Ban ce ta kyauta ba. Amma ki same ta a lokacin da ba na karatu ba, ki ce mata kin gane aikin ya yi yawa kuma kin rage, ki ce daga yau "ban gane ba" amsa ce da za ki karɓa ba faɗa. Wayar ta zauna a hannunki lokacin aiki, in an gama ku duba tare, ko ku kalli bidiyon bayanin darasin. Idan kin ji ranki ya fara ɓaci, ki rufe littafin ki tashi. Malamai za ta samu da yawa a rayuwa, wurin da take kawo ciwonta cikin dare kuwa ke kaɗai ce, kada lissafi ya sa ta fara ɓoye miki abu.

Ki kuma nemi wata ƙawarta ta aji ta riƙa zuwa ko da ranar Asabar, su yi gwajin makon tare, ta ba ta labarin makaranta. Kaɗaici na cin yaran da ke jinya fiye da yadda muke lura.

Game da babanta, maganarsa ba ta rashin kulawa ba ce, tausayi ne ya sa ya faɗa, kuma maimaita aji ga yarinyar da ta yi wata shida a kwance ba abin kunya ba ne. In har ramin da kika gano mai zurfi ne, ƙarin shekara kafin BECE zai iya zama alheri gare ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye karatun gaba ɗaya, domin wata shida ba littafi zai goge har abin da ta riga ta iya. Ki ce masa ku jinkirta hukuncin zuwa ƙarshen zango, ku yanke shi tare da malaminta bisa gwaje-gwajen da ta yi da littafin kurakuranta, ita ma a ji ta bakinta. Kafin nan ki ba shi nasa aikin: shi zai riƙe tef ranar auna ɗaki, shi zai kafa sandar inuwa, kuma duk daren Juma'a ta nuna masa shafin gwajin makon ta yi masa bayani.

Ki gwada wannan tsari mako shida, sannan ki sake rubuto mini ki faɗa mini me ta rubuta a kan 1/2 + 1/3 a ranar farko, da yadda ƙugun yake. Ki gaishe mini da ita, ki ce Anti na yi mata addu'a.